Harafi Ɗaya Ya Share Wa Baba Aikin Shekara Tara

Akwai wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, da ya ɗora wa kansa aiki bayan ya yi ritaya. Yakan bi tsofaffin abokan aikinsa gida-gida, ya ajiye 'yar rikoda a gabansu, su ba shi labarin zamaninsu. Shekara tara yana wannan hidima, har ya ɗauki muryar mutum arba'in da ɗaya. Burinsa ya haɗa littafi.

Duk muryoyin suna cikin wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya saka mata Linux, manhajar nan ta kyauta, don ita kaɗai tsohuwar na'urar ke iya ɗauka. Kwafi na biyu kuma yana cikin wani baƙin faifan ajiya mai girman sabulu, kullum a jone a bayan kwamfutar.

Wata Asabar da safe intanet ya ɗauke a kwamfutar. Wayoyin gidan duk suna samu, ita kaɗai ta ƙi. Baba ya kira Injiniya.

Autar gidan, ma'aikaciyar jinya ce, tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ko a fara duba kebul ɗin da ya taho daga falo?"

Ko juyowa bai yi ba. "Auta, ki tsaya a kan allurarki. Wannan ba zazzaɓi ba ne."

Ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni. Ya canza adireshin kwamfutar, shiru. Ya shiga fayil ɗin saiti ya goge layi uku ya rubuta biyar, shiru. Ya ce ai direban katin intanet ne ya lalace, wato 'yar manhajar da ke tuƙa shi.

Baba ya yi dariya. "Ashe akwai abokin aikina a ciki? Ka gaishe shi."

Injiniya bai yi dariya ba. Rana ta yi tsaka, gumi ya jiƙa masa riga, ga ƙanwarsa tana kallo.

"Manhajar ce ta ruɓe," in ji shi. "Zan share komai in saka sabuwa."

"Kayana fa?" in ji Baba.

"Suna cikin baƙin faifan, Baba. Ka kwantar da hankalinka."

Auta ta ce, "To a cire shi a ajiye gefe mana, kafin ka fara."

"Shekara goma sha biyu nake wannan aiki. Ke za ki koya mini?"

Ya soka filas, ɗan ƙaramin faifan ajiya, don ya ɗora sabuwar manhajar a kansa. Kwamfutar tana kiran kowane faifai da harafi. Filas ɗin shi ne c, baƙin faifan Baba shi ne b. Injiniya ya rubuta b. Wannan umarnin ba ya tambayar mutum ko ya tabbata, abin da aka ce masa kawai yake yi. Sabuwar manhajar ta hau kan faifan Baba, shi kuwa bai lura ba. Ya ci gaba ya share babban faifan da ke cikin kwamfutar tas, ya saka sabuwa.

Kwamfutar ta tashi fes. Intanet dai babu.

Ya buɗe baƙin faifan don ya dawo da muryoyin. Babu ko ɗaya. Ya rufe ya sake buɗewa. 

"An gama?" in ji Baba.

"Saura kaɗan."

Bai faɗi gaskiya ba. Ya ɗauki baƙin faifan ya tafi gidansa, ya wuni Lahadi yana gwada duk dabarar da ya gani a intanet. Bai san kowane gwaji yana ƙara danne abin da ya saura ba.

Ran Litinin dole ta kai shi kasuwar 'yan kwamfuta, shagon wata mata mai gyara da ya sha raina aikinta a gaban mutane. Ta saurare shi har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge.

"Da ka kashe ka kawo mini tun ranar, da mun ceto mafi yawa. Ka yi ta taka wurin da ya kamata a bari."

"Don Allah ki yi wani abu. Na mahaifina ne."

"Zan gwada. Amma tun farko me ya same ta?"

"Intanet ne ya ɗauke."

"Kun gwada wani kebul?"

Ya bar mata faifan ya fita.

Da ya koma gidan Baba ya ja durowar littattafansa. Ƙafar durowar ta danne kebul ɗin har ya tsinke daga ciki. Ya sa sabo, nan take intanet ya dawo. Auta tana wurin. Ta fita tana share ido.

A nan ya durƙusa ya faɗa wa Baba komai.

Baba ya kalli kwamfutar. Ya ce, "Har da na mai ba wa jirgi hannu a tashar gada? Wanda ya rasu bara?"

"Har da shi, Baba."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai yi faɗa ba, bai zage shi ba. Injiniya ya ce a ransa da duka aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Bayan mako uku mai gyara ta kira shi. Hira shida ta samu cikakku. Sauran guntaye ne: tari a nan, rabin jimla a can, wani tsoho yana dariya ba a san abin da ya ba shi dariya ba. Baba ya saurari guntayen sau ɗaya, bai sake ba. Ya daina zama a teburin. Ya daina ba'a.

Wata rana Injiniya ya tarar da shi da takarda a hannu. Ya jera sunayen mutum arba'in da ɗayan nan, ya ja layi a kan waɗanda suka rasu. Uku ne kawai babu layi.

"Baba, na ɗauki hutu. Gobe in kai ka wurinsu, mu sake ɗauka. Su ukun duka."

Baba ya ɗauki biro, ya ja layi ɗaya.

"Biyu ne. Ɗazu aka yi mini waya."

Darasi: Ilimin da ya hana ka sauraren na ƙasa da kai zai iya rusa abin da ba ka isa ka gyara ba. Ka fara duba ƙaramin abu kafin babba, ka keɓe ajiyar mutane kafin ka taɓa komai, in kuma ka yi kuskure ka faɗa da wuri. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar wani.