Gawayin Mama Tabita a Bakin Matakala

Akwai wani mutum a Suleja mai suna Titus, ma'aikacin gwamnati ne a Abuja. Kun dai san irinsu: aiki a Abuja, kwana a Suleja, gari na wayewa suna bakin titi suna rububin mota. Shekara da shekaru yana wannan zirga-zirga, har Allah ya nufa ya gina gidan bene a wajen Kwamba.

Gida ya yi kyau, wannan babu gardama. Amma abin da ya fi ɗauke wa Titus hankali shi ne matakalar benen, wadda ta sauko har tsakiyar falo. Farin tayil mai sheƙi ya sa aka shimfiɗa mata daga sama har ƙasa, irin wanda ya gani a ofishin wani babba. Bango fari, daɓe fari, matakala fara. In baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an nuna masa matakala.

Da suka tare, ya tafi ƙauyensu can wajen Gawu Babangida ya ɗauko mahaifiyarsa, Mama Tabita. Ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne girma a sama.

Ya ce, "Mama, kin sha wahala a kaina. Daga yau a sama za ki riƙa kwana, kowa ya san ke ce uwar mai gida."

Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne idanunta sun fara dishi-dishi. A ƙauye abin bai dame ta ba, don ƙafarta ta san kowane dutse na tsakar gidanta. Amma a nan, in ta tsaya a sama ta dubi ƙasa, ba ta gane inda wani mataki ya ƙare wani ya fara. Duk fari ne fat, kamar an shanya zanen gado.

Me ya hana ta faɗa? Kunya. Matar da a da ita maƙwabta ke kawo wa allura ta zura musu zare, yau ta ce ba ta ganin gabanta? Ga kuma ɗanta sai murna yake da ɗakin da ya ba ta. Ta ga in ta buɗe baki za ta ɓata masa wannan murna.

Wata rana ta zame, duk da tana riƙe da ƙarfen gefe. Allah ya tsare ba ta gangaro ba, amma kafaɗarta ta gurɗe. Da Miriam, matar Titus, ta ga tana yamutsa fuska ta tambaye ta, sai ta ce sanyin ƙashi ne.

Daga nan tsohuwa ta nemo wa kanta dabara. Titus da Miriam duk sammako suke yi, shi Abuja, ita makarantar da take koyarwa. Da sun fita sai Mama Tabita ta daka gawayi, ta kwaɓa shi da ruwa a ɗan ƙoƙo, ta dangwala yatsa ta ja baƙin layi a bakin kowane mataki. Baƙi a kan fari kam tana ganinsa. Ta koma hawa da sauka da ƙafarta, hankalinta kwance.

Titus ya dawo ya tarar da baƙaƙen layuka a kan matakalarsa. Ransa ya ɓaci. Miriam ta goge, washegari suka dawo. Ta sake gogewa, suka sake dawowa.

Ranar wata Asabar da safe ya fito daga ɗaki, sai ga mahaifiyarsa durƙushe a kan matakala, ƙoƙo a hannu, tana jan layi, leɓunanta na motsi. Waƙar sujada take yi a hankali, amma shi bai tsaya saurare ba. Ya ga ƙoƙo, ya ga baƙin abu, ya ga baki na motsi, nan take ya yanke hukunci.

"Mama! Ashe ke ce? Tsari kike ɗaure mini a gida?"

Tsohuwa ta firgita, saura kaɗan ƙoƙon ya suɓuce mata.

"Mama, ni dattijo ne a ikilisiya. Me kike so mutane su ce in sun ga ana zana mini layukan tsafi a falo? Abin da kakanninmu suka yi a ƙauye, a bar shi can. Yesu ya isa ya tsare gidan nan."

Miriam ta fito daga kicin ta ce wa mijinta, "Baban Sila, ka bari ta yi magana mana."

"Maganar me? Ba ga shi ina gani da idona ba?"

Mama Tabita ta ce, "Ba abin da kake tsammani ba ne, Titus."

"To mene ne?"

Ta buɗe baki za ta faɗa, kunya ta danne ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na bari. Ka yi haƙuri."

Jama'a, nan ne abin ya fi ba ni haushi. Matar nan tana cikin zumuntar matan ikilisiya tun kafin a haifi Titus. Ita ta koya masa addu'a. Amma ya fi masa sauƙi ya ɗauka uwarsa matsafiya ce da ya zauna kusa da ita ya tambaye ta da murya mai taushi. Ita kuma ta gwammace a kira ta matsafiya da a kira ta makauniya.

Tun daga ranar ba a sake ganin gawayi ba. Ba a kuma sake ganin Mama ta sauko yi musu sallama da safe ba. In suna gida, tana ɗakinta, sai dai Miriam ta hau mata da abinci. In za su fita aiki, a bar mata nata a kula a kicin, su dawo su tarar ta ci. Titus ya ce fushi take yi, za ta huce.

Ana nan har ranar addu'ar keɓe gida ta zo. Lahadi ce, bayan an tashi daga sujada. Fasto ya zo da dattawa, abokan aikin Titus sun zo daga Abuja, 'yan zumuntar mata sun cika falo da kayan kiɗansu. Tun jajibiri Titus ya sa aka wanke matakala da sabulu aka goge ta tas. Rana ta shigo ta babbar taga ta doke ta, sai ƙyalli take yi.

Fasto ya miƙe ya ce, "Kafin mu fara, a kira mana Mama. Ita ce tushen gidan nan, ita za ta fara sa albarka."

Miriam na can kicin da tukwane. Titus ya tsaya a gindin matakala ya ɗaga murya, "Mama! Fasto na kira."

Sai ga Mama Tabita a sama, ta sha zanen zumunta, ta kafa ɗaurin ɗankwali. Mata suka rangaɗa guɗa. Ta kama ƙarfen gefe, ta miƙa ƙafa, ta janye. Ta sake miƙawa, ta sake janyewa.

Titus ya yi 'yar dariya don baƙi, ya ce, "Mama, sauko mana, ana jiran ki."

Tsohuwa ta saki ƙarfen gefe. Sannan ta tattare zanenta, ta zauna daɓas a matakin farko. Ta lalubi bakin matakin da tafin hannu, ta zuro ƙafafu, ta ja jiki zuwa na biyu. Ta sake lalube, ta sake jan jiki.

Guɗa ta tsaya cak. Falo ya yi tsit.

Kunya ta rufe Titus, amma har lokacin kunyar kansa yake ji. Ya haura da sauri, ya sunkuya kusa da ita yana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, me ke nan a gaban mutane? Don na yi miki faɗa shi ne za ki tozarta ni yau?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Ba ta ɗaga murya ba, amma da yake falon shiru yake, kowa ya ji.

"Titus, ba na gani. Matakalar nan duk fari ɗaya nake ganinta. Gawayin nan da ka hana, da shi nake gane inda zan sa ƙafa. Ba tsafi ba ne, ɗana."

Titus ya dubi farar matakalar. Da ƙyar ya ce, "Tun yaushe kike sauka haka?"

"Tun ranar da ka hana. Nakan jira in ji kun ja ƙofa kun tafi, sannan in sauko in ci abinci. Yau ne kawai ban sami yadda zan ɓoye ba."

Titus ya kasa ɗaga kai ya dubi kowa. Ya tuna duk safiyar da ya fita yana cewa fushi take yi, ashe tana zaune a bakin gado tana jiran ƙarar ƙofa.

Ya ce, "Tashi in riƙe ki, Mama."

"Ƙafata rawa take yi yanzu. Koma wurin baƙinka, kada ka ɓata kayanka. Na saba."

Wannan "na saba" ita ta karya shi. Babban mutum, dattijon ikilisiya, ya fashe da kuka. Ya zauna a kan matakin kusa da ita da farar shaddarsa, ya riƙe hannunta. Ta ja jiki, ya ja jiki. Haka suka sauko tare, a zaune, har ƙasa, a gaban Fasto da dattawa da mutanen Abuja. Ba wanda ya yi dariya. Wasu matan ma sai share hawaye suke da bakin zane.

Ranar Litinin Titus bai je aiki ba. Ya kai ta asibitin ido, aka ce yanar ido ce, za a iya cirewa. Daga can ya biya kasuwa ya sayo baƙin maɗaurin roba mai kaushi, ya durƙusa da kansa ya manna a bakin kowane mataki. Da yamma Mama Tabita ta sauko da ƙafafunta biyu, a tsaye. Shi dai yana gefe, bai iya haɗa ido da ita ba.

Darasi: In za ka yi matakala, a gida ko shago ko wurin ibada, ka bambanta launin bakinta da sauran, don ba kowa ke gani kamar kai ba. In kuma ka ga tsohonka na yin abin da ba ka gane ba, ka tambaya da taushi kafin ka yanke hukunci, don kunya kan hana su faɗin abin da ke damunsu. Ku tura wa duk mai bene da duk mai tsoho a gida.