Matashin Barmo da Tumfafiyar Hanya

Dalilin da ya sa tumfafiya ta yi jerin gwano a bakin titin hamada, tun daga Damagaram har Agadas, ku matso kusa, yara, ku sha labari.

A da can, duk tsawon hanyar nan babu ko tushe ɗaya. Tumfafiya tana can a bayan wani ƙauye, a gefen gonar wata mata mai suna Tsahara, kullum suna fama da juna. Mijin Tsahara, Barmo, direban gingimari ne, yana kai albasa arewa. Gwani ne na gaske, sai dai gajere ne ƙwarai. In ya zauna a kujerar mota, sitiyari ya fi shi tsawo. Don haka kan wani ɗan akwatin katako yake zama, kullum ya dawo gida yana dafe da ƙugu.

Rannan Tsahara ta ce, "Maigida, wannan akwati zai ƙarasa ka. Bari in yi maka matashi."

Ta tsinko 'ya'yan tumfafiya, ta fasa, ta cusa audugarsu a buhu har ya yi tim. Amma da yake sauri take yi, ba ta tsince ƙwayoyin ba.

Ta ce, "Ka riƙe shi da kyau. Kada ka bari ya huje, irin yana ciki. Ni na san halin wannan tsiro."

Barmo ya hau matashi, ya ga hanya tar, ya kama waƙa.

A tashar Tanut ya tsaya shan shayi, ya sauko da abinsa a hammata. Wani direba mai suna Jatau, dogo mai tsokana, ya hango shi.

"A'a, Barmo! Yau kuma an samu ƙarin tsawo? Kawo in ɗana."

"Sakar mini kayana, Jatau!"

Wannan ya ja, wannan ya ja, sai ji kake kyaaat! Gefen buhu ya yage. Barmo ya fizge, ya toshe wurin da tsumma, ya tayar da mota cikin fushi.

Ramin farko da mota ta faɗa, tsumma ya fice. Auduga ta yi fuuu ta taga, iska ta ɗauke. Barmo ya tuna maganar Tsahara, amma in ya tsaya a wannan rana albasa za ta lalace. Ya ci gaba. Kowane rami, fuuu! Kowace gargada, fuuu! Matashi yana ramewa, Barmo yana nitsewa. Da fari ƙirjinsa ake gani, can sai wuya, can sai hula kaɗai. Ta cikin sitiyari yake leƙen hanya, yana ta salati.

Da gingimari ta shigo Agadas, 'yan kasuwa suka duba, ba su ga kowa a ciki ba.

"Mota ba direba! Aljanu ne!"

Kowa ya yi ta kansa, har mai rake ya bar rakensa. Mota ta tsaya cak, ƙofa ta buɗe, sai ga Barmo ya diro, fari fat da auduga tun daga gira har gemu, yana atishawa. Aka dawo ana dariya har da riƙe ciki, albasa kuma ko ɗaya ba ta ruɓe ba.

Da ya koma gida ya miƙa wa Tsahara buhu fayau. Ta juya shi, ta dube shi.

"Maigida, ina cikin?"

"Yana hanya," in ji Barmo.

Damina na sauka, sai ga tumfafiya nan ta tsiro a bakin hanya, hagu da dama. Awaki suka sunsuna suka kau da kai. Aka sare, ta sake tohowa.

Shi ya sa har yau tumfafiya take bin bakin titin hamada, kuma duk inda kuka ga ta yi cunkus, ku riƙe kujera da kyau, akwai rami a gaba.