Giginyar Cindo

Tun kafin a yi hanyar fatake a yammacin Gulbin Ka, wani maharbi mai suna Mazadu ya sauka a kurmin giginya da gidaje shida na danginsa. Kirarinsa shi ne: Mazadu baƙin dafi, harbi ɗaya sai fiɗa. Shekarar yunwa ce, namun daji sun yi nisa, ba abin ci sai 'ya'yan giginya.

Suka tattara na kurmin kaf, aka ƙirga, dubu da tara. Mazadu ya sa ƙanensa Cindo gadi. Da aka raba wa gida shida, kowa ya sami ɗari da sittin da takwas, guda ɗaya ya ragu. A wancan zamani sun yarda cewa iskokin kurmi ba sa ba da kyauta da ragowa. In rabo bai tashi daidai ba, to hannu ya shiga.

Mazadu ya ce, "Cindo, ina biyar ɗin da za su cika wannan?"

Cindo ya ce, "Yaya, ko ɓawo ban lasa ba. Dubi bakina."

"Bakinka na gani. Cikinka ne ban gani ba."

A gaban jama'a ya karya bakan ƙanensa, ya kore shi.

Da shekara ta zagayo, Mazadu ya yi gadin da kansa, bai yarda da kowa ba. Aka ƙirga, ikon Allah, dubu da tara cif. Aka raba shida, ɗaya ya ragu. Ya zauna a ƙasa yana jera su bibbiyu, uku-uku, bakwai-bakwai, tara-tara, kullum ɗaya na gefe. Ya gwada biyar-biyar, huɗu suka ragu. Ya yi ta gwaji har yatsunsa suka kumbura. Matan ma sai su kau da kai in sun zo wucewa.

Ya ce, "Ashe tarin ne ba ya rabuwa. Ɗan'uwana na ci wa amana."

Ya bi daji neman Cindo, bai samo komai ba sai kwarin kibansa rataye a ƙaya. Ya dawo ya binne ragowar ɗan giginyar tare da kwarin, ya hana a sake yi masa kirari har ya mutu.

Masu lissafi sun san irin wannan lamba: ba abin da ke raba ta daidai sai ɗaya, sai ita kanta. Mazadu bai sani ba, amma ya san kunya, domin da bakinsa ya raɗa wa garin suna Giginyar Cindo. Har yau in an yi rabo, ragowar ana kai ta gindin giginyar da ta tsiro inda ya binne kwarin, ba mai taɓawa.

Sai ga shi allon da aka kafa bara a bakin titi ya ce "Garin Mazadu". An kori Cindo sau biyu ke nan. A sauke allon, a mayar masa da sunansa.