Gashin da Ba Ya Jikin Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara mura ta faɗa wa tsuntsaye, Dila ya haɗa magani. Wanda ya sha ya warke, sai ya dawo ya soke gashinsa ɗaya a jikin tsamiyar ƙofar Dila. Mijin Kurciya ma ya sha, amma bai tashi ba. Kullum Kurciya takan je ta yi ta duban gashin nan, alhali ta san babu nasa.

Ran nan Zabuwa ta kawo 'ya'yanta. Dila ya nuna mata tsamiya, ya ce, "Kin gani, kowa ya warke."

Kurciya ta ce, "Malam, mijina fa?"

"Ai bai dawo ya faɗa ba."

Ta tafi sheƙa, ta ɗauko gashinsa ɗaya da ya rage mata, wanda take kwana a kai, ta dawo ta kafa shi a ƙasa a gindin tsamiya. Ta ce wa Zabuwa, "Yaya, ki ƙirga har da wannan."

Kafin la'asar masu takaba sun cika gindin tsamiya da gashi. Zabuwa ta tasa 'ya'yanta gaba, suka tafi ba su sha maganin ba. Kurciya kuwa ta koma sheƙa, babu ko ƙanshin mijinta. Shi take kira har yau.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta koma daji.