Ɓeraye Marasa Biyayya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya hore wa ƙwaƙwalwa. Ba zan kama sunansa ba, don ba tonon asiri ya tara mu ba. Ya yi digiri na biyu a ilimin halittu, ya shiga na uku, wanda in ka gama ake kiranka Dakta.

Bincikensa a kan wani ganye ne da ake zaton yana sauke suga a jini. Ba haka kawai ya zaɓe shi ba. Mahaifiyarsa ta daɗe da ciwon suga, kuma ita kaɗai ta yi ɗawainiyarsa tun rasuwar ubansa. Ita ce ma take shanya masa ganyen a inuwa, tana juyawa tana tsokanarsa: "Kowa yana kashe ɓera, ni nawa ɗan kiwonsu yake yi."

Ga yadda aikin yake. A ɗakin gwaji akwai fararen ɓeraye cikin keji, duk masu ciwon suga. Wasu a ɗura musu ruwan ganyen, wasu a bar su haka don a kwatanta. Kullum da safe ya sa safar hannu, ya soki jelar kowanne, ya auna jini. Suga kuwa ya yi ta sauka. Mutuminku har tafiyarsa ta canza.

Ana nan, sai wasu daga cikin masu shan ganyen suka daina cin abinci. Gashinsu ya tashi, suka kumbura, suka mutu. Ya feɗe su kamar yadda aka koya masa, ya tarar ƙodarsu ta lalace. Da idonsa ya gani. Ku riƙe wannan, domin jahili yana da uzurin da masani ba shi da shi.

To, wannan sana'a tana da wata ƙa'ida. In dabba ta mutu saboda wani dalili na daban, ko dama ta zo da cutarta, an yarda ka cire ta daga sakamako. Amma dole ka faɗa cewa ka cire, ka faɗi dalili. Ƙofa ce ta halal, kuma ta nan Shaiɗan ya shigo masa.

Ya tsaya gaban kejin yana tunani. Abokan karatunsa sun gama, wasu har sun fara koyarwa. Farfesan da ke duba aikinsa ya kusa ritaya. In ya faɗi gaskiya, aikin shekaru ya koma farko. Sai zuciyarsa ta ce masa: ai ba ƙarya za ka yi ba, shara kawai za ka yi wa sakamakon.

Ya cire matattun daga sakamakon, bai faɗa wa kowa ba. Da wata abokiyar karatunsa ta leƙa ta ce, "Ina sauran ɓerayenka?" sai ya ce, "Marasa biyayya ne, na kore su daga makaranta." Aka yi dariya, magana ta wuce.

Kun ga yadda zunubi yake yi? Ba ya zuwa da sunansa na gaskiya. Sai ya ari suna mai daɗi, wani lokaci ma mai ban dariya.

Ya kare bincikensa gaban malamai, aka tafa masa. Ya zama Dakta, ya samu aikin koyarwa a wani gari. Mahaifiyarsa ta rataye hotonsa da rigar digiri a inda duk mai shigowa zai gani.

Wata rana yana aji, ƙanwarsa ta kira shi. Ta ce ƙafafun Mama sun kumbura, fuskarta ma haka, fitsari ya ɗauke. Ya iske su a asibiti. Likita ya ce ƙodar ta tafi, sai dai a riƙa yi mata wankin ƙoda da na'ura.

A nan ƙanwar ta faɗi abin da tsohuwar ta hana ta faɗa. Tun ranar da ya zama Dakta, Mama ta ajiye ƙwayoyin asibiti. Ai ta san ganyen, ita ta shanya shi da hannunta. Kullum take dafawa ta sha. So take sai ta warke sarai, sannan ta ba ɗanta mamaki.

Likitan ya juyo ya tambaye shi, tambaya ta aiki ba ta zargi ba: "Dakta, a dabbobin da ka gwada, ka ga wata alama a ƙoda?"

Kafin ya buɗe baki, tsohuwar ta miƙo kumburarren hannunta ta kama nasa. Ta ce, "Likita, kada ka ɗora wa ganyen yarona laifi. Faɗa masa, ɗana. Ai ɓerayenka duk sun warke."

Ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Ta rasu tana sa masa albarka, tana cewa jikinta ne ya ƙi magani.

Bayan rasuwarta ya je ya faɗa wa tsohon farfesansa komai. Digirin ya tafi, aikin ya bi shi. Waɗannan ba su ne suka karya shi ba. Abin da ya karya shi, ya san cewa tsohuwar ta ɗauki kanta ita ce marar biyayya.

Ya 'yan uwa, ilimi amana ne. Wanda ya auna jini, da wanda ya duba a madubin ƙara girma, da wanda ya sa hannu a sakamako, duk shaidu ne, kuma ɓoye shaida zunubi ne ko da a kan ɓera ne. Shi yana ganin takarda yake yaudara. Ya manta cewa takarda tana fita daga ɗakin gwaji ta shiga gidajen mutane. Wa ya san bakin da ƙaryarka za ta faɗa? Shi dai tasa ta faɗa bakin wadda ta shayar da shi.

Allah ya kiyaye mu da ilimin da zai zama hujja a kanmu. Ya ba mu ƙarfin faɗin abin da muka gani, ko da zai mayar da mu farko. Ya jiƙan iyayenmu da suka yarda da mu fiye da yadda muka cancanta. Amin.