Akuyar Tasalla da Dokar Turanci

Wai an yi wani dagaci mai son abin mutane. Ran nan akuyar Tasalla mai ƙosai ta shiga gidansa, ya ga tana da ciki, sai ya sa aka ɗaure.

Tasalla ta zo ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, akuyata na zo ɗauka."

Dagaci ya san ko aji ɗaya ba ta yi ba. Ya gyara rawani ya ce, "Ai doka ta canja. Yanzu mai abu sai ya faɗa da Turanci cewa nasa ne. In ya kasa, ya zama na wanda ke riƙe da shi."

"Har da manya, ranka ya daɗe?"

"Har da ni."

Ta tashi ta nufi turke, ta kwance ƙaton ragonsa na layya, ta riƙe igiyar gam.

"Ke! Ragona ne wannan!"

"Allah ya ja zamaninka, Hausa na ji. Faɗa da Turanci in saki."

Dagaci ya dubi fadawa, fadawa suka dubi ƙasa.

"A ba ta akuyarta," in ji shi. "Dokar ma tun jiya aka soke ta, mantawa na yi."