Mantau Mai Fito da Matar da Ya Saki

An yi wani bawan Allah a wani gari na bakin kogi, Mantau sunansa, sana'arsa fito. Mutum ne shiru-shiru, kullum yana kan ruwa, jirginsa na ratsa bado a hankali, balbelu na tashi gabansa fari fat kamar auduga.

Wata shekara jiki ya ƙi masa, zazzaɓi ya tafi ya dawo. Ya je asibiti aka ɗibi jininsa, aka ce ƙanjamau ce. Ma'aikaciyar asibitin ta kwantar masa da hankali, ta ce akwai magani, mai shan sa kan ga jikokinsa. Sai dai ya kawo iyali a gwada, don cutar kan kwanta a jiki shekaru, mai ita bai sani ba. Ya kawo matarsa da 'ya'ya uku. Aka samu cutar a jikin matar da autansu, aka ɗora su kan magani.

To, ku saurara, jama'a, nan jarrabawar take. Akwai tsohuwar matarsa Lantana, wadda ya saki shekara huɗu baya, ta yi aure a ƙetaren kogi. Ba wanda ya tambaye shi ita. Ba wanda ya tambaye shi! Kwana bakwai yana fito, in ya dubi ruwa sai ya ga kamar fuskarta ce ke lilo a ciki.

Ran na takwas da hantsi ya haye. Bai doshi gidan mijinta ba, gidan yayanta ya je, aka kirawo ta zaure. Sai ga ta, ciki ya fara fitowa. Kansa a sunkuye ya ce, "Lantana, an same ni da ƙanjamau, ban san tun yaushe ba. Don Allah ki je a duba ki, ko don abin da ke cikinki."

Ta yi kuka, ta gaya masa masu zafi, yayan ya kore shi. Magana ta zaga gari, har wasu suka daina shiga jirginsa. Amma Lantana ta je asibiti, ita da mijinta. Aka samu cutar a jikinta, ta kama shan magani, ta haifi 'ya mace lafiya lau, ba cuta.

'Yan'uwa, rufin asirin da zai halaka wani ba rufin asiri ba ne, cin amana ne. Duk wanda aka samu da ita a cikinmu, ya kai matarsa, ya kai 'ya'yansa, ya tuna da wadda suka rabu. Kunyar duniya mai wucewa ce, amma duk wani rai da ka bari ya salwanta kana sane, Allah zai tambaye ka shi.